A Milwaukee, Inda Ake Wanke Abin da Ido Ba Ya Gani

Daga Chicago zuwa Milwaukee tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, an nufi arewa. Garin yana bakin tafkin Michigan, cikin jihar Wisconsin ta Amurka. Tafki ne a suna kawai, don ido ba ya kaiwa ɗaya gaɓar, kuma manyan jiragen ruwa masu dakon gishiri da siminti suna shiga suna fita. Ruwan daɗi ne. Daga cikinsa mutanen garin suke jawo ruwan sha, kuma cikinsa ruwan da suka yi wanka da wanki da bayan gida yake komawa. Wanda ya riƙe wannan magana guda zai gane dalilin da ya sa mutanen Milwaukee ba sa wasa da ruwan kwata.

Ba haka suke ba tun asali. Koguna uku ne suka haɗu a cikin garin kafin su faɗa tafkin: Milwaukee, Menomonee da Kinnickinnic. A ƙarshen ƙarni na 19 garin ya cika da masana'antun giya da mayanka da majemu, har ya shiga sahun manyan cibiyoyin jima na duniya. Duk abin da waɗannan suka zubar, haɗe da najasar gidaje, kogunan ne suke kwashewa su kai tafki, famfo kuma ya sake jawowa. Zazzaɓin taifot ya yi ta ɗibar mutane. A 1913 aka kafa hukumar kula da magudanan ƙazanta ta birnin, ta ɗauko injiniya T. Chalkley Hatton ya shugabanci aikin. Sai ga shi a 1914, can a Manchester ta Ingila, Edward Ardern da William Lockett sun bayyana wani abu da suka gano. Idan aka hura iska cikin ruwan kwata, aka bar lakar da ta taru ta kwanta, sannan aka mayar da wannan laka cikin sabon ruwan kwata aka ci gaba da hurawa, aikin da a da yake cin makonni sai ya kammala cikin sa'o'i. Lakar tana da rai: taron bakteriya ne da wasu ƙananan halittu waɗanda ƙazanta ce abincinsu. Hatton bai jira wasu su gwada ba. Ya kafa kwamayen gwaji, ya yi shekaru yana juya lamarin, kuma a 1925 matatar Jones Island ta fara aiki, tana iya karɓar galan miliyan 85 a rana. A lokacin babu irinta mai wannan girma a duniya. Har yau tana aiki a inda aka kafa ta.

Ɗan yayata ne ya kai ni. Injiniya ne, yana aiki da wani ƙaramin kamfani da ke zagaya matatun ƙazantaccen ruwa yana auna musu kayan hura iska. Da ya faɗa mini sana'arsa a waya shekarun baya, na yi masa fatan alheri ban fahimci komai ba, don haka da na sauka a gidansa na ce ya nuna mini da idona.

Jones Island tana ƙarƙashin doguwar gadar Hoan mai rawayan baka, tsakanin tafkin da tashar jiragen ruwa. A da ƙauyen masunta ne, Kashubawa da Jamusawa da suka zo daga gaɓar tekun Baltik a shekarun 1870. Ba su da takardar fili, don haka da birnin ya buƙaci wurin aka tashe su, abin da ya rage na tunawa da su shi ne wani ɗan mitsitsin lambu mai bishiya da anka. Wannan ɓangare na labarin bai yi mini daɗi ba, kuma mutanen garin ba sa ɓoye shi.

Muka hau kan wata siririyar gada ta ƙarfe da ta ratsa saman kwamayen hura iska. Dogayen kwamaye ne na kankare, a jere, cike da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da ke motsi a hankali, fuskarsa tana tsastsafo da ƙananan ƙwayoyin iska ko'ina. Na zo da shirin toshe hanci, amma abin da na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, wanda aka ce alama ce ta laka mai lafiya. Daga wani gini can gefe ana jin gunjin injinan da ke tura iskar, ba dare ba rana.

"Kawu, me ka gani?" in ji shi.

Na ce na ga ruwa yana aiki lafiya lau.

Ya ce to, a kowace matata ta duniya, ko da faifayen hura iska da ke ƙasan kwami sun rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu, daga sama haka zan gan shi.

Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A bakin kwamin hura iska ido bai san kimar komai ba, kuma a kan wannan ne dukan sana'ar yaron nan ta ginu.

Ga yadda abin yake. Halittun da ke cikin lakar suna numfashi, kuma ba su da wata iska sai oksijin da ya narke cikin ruwa. Ruwa kuwa ba ya riƙe oksijin da yawa: a ma'aunin zafi 20, lita guda ba ta ɗaukar fiye da miligiram 9. Masu matata sukan so a ce akwai kamar miligiram 2 a kowace lita a ko da yaushe, alhali halittun suna shanyewa ba tsayawa. Saboda haka ake shimfiɗa bututai a ƙasan kwamin, mita 4 zuwa 6 ƙarƙashin ruwa, a jera musu faifaye ko farantai masu ƙananan ramuka, a turo iska ta ciki. Idan ƙwayar iskar ƙarama ce, milimita 1 zuwa 3, takan tashi sannu a hankali, ta daɗe tana gogayya da ruwa, ta bar masa oksijin mai yawa. Idan babba ce sai ta ruga sama ta fashe, ta koma sararin samaniya da abin da aka kashe kuɗi aka turo ta da shi. Ƙananan ƙwayoyi suna yin ninkin aikin manya da iska iri ɗaya, wani lokaci fiye. Ko da hakan, a kwami mai zurfin mita 5, da sabon faifai da tsabtataccen ruwa, abin da ke narkewa bai cika wuce kashi 30 cikin 100 na oksijin da aka hura ba. A ruwan kwata, inda sabulu da garin wanki suke lulluɓe kowace ƙwayar iska, yakan sauka zuwa rabin haka ko ƙasa. Shi ya sa hura iska kaɗai take cinye wajen rabin wutar lantarkin da matata ke sha, a wasu wurare har kashi biyu cikin uku.

Tun farko Milwaukee ta zaɓi ƙananan ƙwayoyi. Farantan da Hatton ya sa murabba'ai ne, ƙafa ɗaya kowane gefe, na yashi da aka gasa har ya manne da juna ya bar ƙofofi a tsakani. An gina ƙasan kwamin kunya-kunya, aka jera farantan a cikin kwarin domin laka ta riƙa gangarowa inda iska take. Wato garin ya shekara ɗari yana fama da tambaya guda: yaya za a hana waɗannan ƙofofi toshewa? Ba mamaki da ya zama abu mai yawa cikin abin da duniya ta sani a kan wannan matsala daga nan kewayen ya fito.

A ɗakin gwajinsu ya ɗauko faifai biyu na tangaran ya ɗora a kan tebur, kowanne faɗinsa inci 9. Ɗaya sabo ne, fari-fari, da kaushi a tafin hannu. Ɗayan an ciro shi daga wata matata bayan ya yi shekaru a ruwa: jawur yake da tsatsa, fuskarsa ta yi sulɓi, gefensa da wani ɓawo mai tauri da farce ba ya kankarewa. Ya ɗiga ruwa a kan sabon, nan take ya shanye. Ya ɗiga a kan tsohon, ɗigon ya zauna yana ƙyalli har muka gama magana. Na tuna da randa. Sabuwar randa tana zufa ta jikinta, shi ya sa ruwanta yake sanyi, tsohuwa kuwa da ƙofofinta suka cushe da gishirin ruwa da gansakuka sai ta daina zufa, ruwan ya zauna da ɗumi ko da ba ta tsage ba. Faifan nan ma bai tsage ba, bai fashe ba, a ƙasan kwami kuma yana ta fitar da iska. Aikin ne kawai ya ragu.

Toshewar tana zuwa ta fuska biyu. Akwai ta ciki, daga ɓangaren iskar: ƙura, man inji, tsatsar bututu, duk abin da ya tsallake matatar iska zai je ya maƙale a bayan faifan, inda tiyon wanki ba ya kaiwa. Maganin wannan tun daga bakin injin yake, da matatar iska mai kyau da ake canjawa a kan kari, da bututun da ba ya tsatsa, da ɗan bawul da ake buɗewa lokaci-lokaci domin a fitar da ruwan da ya taru cikin bututu. Wannan an daɗe da shawo kanta a can.

Ta waje ce mai wuyar sha'ani, kuma ita ma iri biyu ce, ko da yake sau da yawa a haɗe suke zuwa. Ta farko ma'adinai ne: farar ƙasa da ke cikin ruwa mai nauyi, da ƙarfe, da yashi mai laushi, suna daskarewa a bakin ramukan har su ƙuntata su. Ƙarfen ma wani lokaci masu matata ne suke zuba shi da hannunsu domin ya kama sinadarin fosfaras, wanda in ya shiga tafki yake haifar da gansakuka. Milwaukee ta fara yin haka tun wajen 1970, da ragowar ruwan da masana'antu suka wanke ƙarfe da shi. Dabara ce mai kyau ga tafki, amma duk mai zuba ƙarfe a ruwa ya san sai ya ƙara sa ido a kan faifayensa. Ta biyu kuwa yauƙi ne mai rai: bakteriya suna manne wa fuskar faifan, inda abinci da iska suka haɗu, su yi shimfiɗa mai kauri. Iskar tana ratsa ta, amma kafin ta fito ƙananan ƙwayoyin sun haɗe sun zama manya. Wannan ta fi yawa a farkon kwamin, inda ɗanyen ruwan kwata yake shigowa da ƙarfinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda matatar zamani take rufa wa wannan cuta asiri da kanta. Akwai ma'aunin oksijin a cikin ruwa, haɗe da kwamfuta. Da zarar oksijin ya yi ƙasa sai ta umarci injin ya ƙara iska. Halittun suna samun abin da suke so, ruwan da ke fita tsaf yake, hukuma ba ta da ƙorafi, kowa yana barci lafiya. Takardar kuɗin wuta ce kaɗai take hawa a hankali, wata bayan wata, har a saba da ita. Michael Stenstrom da Diego Rosso, a lokacin da suke tare a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, sun tattara awon matatu masu yawa, suka nuna cewa raguwar ta fi sauri a cikin watanni 24 na farko bayan an sa faifai ko an wanke shi, kuma a yawancin wurare kuɗin wutar da ake asara ya fi kuɗin wankin. Idan aka ƙyale abin ya yi nisa, turin da injin yake fama da shi yakan kai inda zai fara shaƙewa yana jijjiga, daga nan kuma sai babbar ɓarna.

To, yaya ake ganin abin da ke ƙarƙashin mita 5 na laka ba tare da an kwashe ruwan ba? Awo biyu ne. Na farko, ana ɗaura siririn tiyo a ƙarƙashin wasu zaɓaɓɓun faifaye, a jawo shi sama zuwa wani ma'auni da ke nuna ƙarfin da iska take buƙata kafin ta ratsa faifan shi kaɗai, ban da nauyin ruwan da ke samansa. Sabon faifai ɗan turi kaɗan yake nema. Wanda ma'adinai suka cushe yakan nemi ninkin haka, ko ninki uku. Amma wannan awo ba ya kama yauƙi sosai, domin yauƙi yana iya lalata ƙwayoyin iska ba tare da ya tsananta turin ba. Shi ya sa ake buƙatar na biyu, wanda David Redmon da Lloyd Ewing na Milwaukee, tare da Farfesa William Boyle na Jami'ar Wisconsin da ke Madison, suka wallafa a 1983.

Na ga an yi shi, kuma sauƙinsa ya burge ni. Wani murfi ne mai faɗi, marar nauyi, da ake kifawa a kan ruwan yana iyo, mutum biyu suna riƙe da igiyoyinsa daga gefe da gefe. Duk iskar da ta taso daga ƙasa a daidai wurin tana taruwa a ƙarƙashinsa, tiyo ya kai ta wani akwati a kan gada. Akwatin yana gwada oksijin da ya rage a cikinta da wanda ke cikin iskar da muke shaƙa, wato kusan kashi 21 cikin 100. Bambancin shi ne abin da ruwa ya karɓa. Sai a ja murfin gaba a sake, daga farkon kwami har ƙarshensa. Ɗan yayata yana tsugune gaban akwatin yana jiran lambar ta tsaya, abokin aikinsa yana kira masa lambar oksijin na cikin ruwa, yana rubutawa. Yini guda suka yi a kan wannan, cikin iska mai sanyi. Da yamma suna da taswirar ƙasan kwamin da babu wanda ya gani: nan lafiya, nan ya fara gajiya, nan sai wanki. Wannan hanya ta shiga littafin jagora da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1989 a kan faifaye masu ƙananan ramuka, kuma yau da ita ake aiki a ƙasashe da dama.

Wankin kansa a wata ƙaramar matata na gan shi, a wani gari yamma da Milwaukee, inda aka kwashe kwami guda aka karkata ruwan zuwa sauran. An gina wurin ne tun farko yadda za a iya hutar da kwami ɗaya aiki bai tsaya ba, kuma a ganina wannan shi ne rabin dabarar. Ƙarshen bazararsu ne, suna sauri kafin sanyi ya shigo, don ƙanƙara tana fasa bututu. Daga sama na leƙa: ƙasan kwamin shimfiɗe da fararen bututai a kan ƙafafun ƙarfe, ɗaruruwan faifaye a jere, kowanne ya sha laka. Kafin kowa ya sauka sai da aka zura na'urar auna guba a cikin iska, aka ɗaura wa mai sauka igiya, mutum ɗaya ya tsaya a sama ba shi da aikin komai sai kallon na ƙasa. Ma'aikatan suna sanye da takalman roba har gwiwa da safar hannu da gilashin rufe fuska.

Suka fara da tiyo mai ƙarfi, faifai bayan faifai, an bar iska tana fitowa kaɗan-kaɗan domin kada ruwan ya tura dattin cikin ramuka. Yauƙin yana ɓantarewa falle-falle yana bin ruwa. Sannan wani ya biyo da goran feshi a baya, yana fesa wa kowane faifai asid haidirokulorik da aka sirka. Inda farar ƙasa take, nan take wurin yake ɗaukar kumfa yana tsuwa. Aka bar shi kamar rabin awa, aka sake bi da tiyo. Injiniyoyi suna kiran wannan hanyar Milwaukee, domin daga can ta samo asali. Jan tsatsar nan ya tafi, faifayen suka fito da haskensu.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Suka sako tsabtataccen ruwa har ya rufe faifayen da ɗan yatsa kaɗan, suka kunna iska, sannan shugabar ma'aikatan, wata mata mai furfura, ta bi layi-layi tana duba yadda kowanne yake fitar da ƙwayoyinsa. Wanda yake fitarwa daidai ko'ina a fuskarsa ta wuce shi. Wanda manyan ƙwayoyi suke ɓulɓulowa ta gefensa ta tsaya, aka kwance zoben, aka canja robar, aka ɗaure. A wani layi ta lura gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, aka kawo ma'auni, aka tarar ƙafar bututun ta ɗan sauka. Dole faifayen su zauna a tsayi ɗaya, bambancin da ake yarda da shi bai wuce milimita 6 ba, domin iska takan gudu inda ruwa bai yi mata nauyi ba ta bar sauran, wanda aka bari kuma shi yake fara toshewa. Ba ta bar wurin ba sai da aka daidaita ƙafar. Wannan kwami za a cika shi da laka washegari, babu shugaba ko ɗan jarida ko mai biyan haraji da zai taɓa ganin ƙasansa, amma ta bi shi faifai-faifai har na ƙarshe. Na ga manyan gine-gine a Amurka, babu wanda ya shiga raina kamar wannan.

A ofishinta ta nuna mana littafin wurin. Kowane kwami da shafinsa: ranar da aka sa faifaye, ranar kowane wanki, awon turi na kowane wata, wutar da injin ya sha. Rubutun hannu daban-daban ne, na waɗanda suka riga ta, wasunsu sun yi ritaya tuni. Yanzu suna shigar da komai a kwamfuta amma ba su yar da littafin ba. Ba kalanda ce take gaya musu lokacin wanki ba, layin awon ne: idan ya hau ya kai wani matsayi da suka sani, sai a sa rana.

Ba kullum ake kwashe ruwa ba. A shekarun 1980 kamfanin Sanitaire, wanda shi ma a Milwaukee aka kafa shi, ya fito da hanyar tura asid cikin bututun iska kwamin yana aiki, ya bi iskar ya isa ramukan ta ciki ya narkar da ma'adinan. A Jamus da Ostiriya an fi amfani da asid fomik, irin wanda ke jikin wasu tururuwa, ana fesa shi kaɗan-kaɗan cikin iskar, wanda ya saura kuma halittun lakar su cinye shi. Asid yana maganin farar ƙasa da ƙarfe, amma ba ya taɓa yashi, kuma yauƙi mai kauri sai tiyo. A Ingila a da har gasa tangaran ake sake yi a tanderu don a ƙone abin da ya cushe shi.

Yawancin sababbin matatu yanzu faifan roba suke sawa, mai dubban ƙananan tsaguna da ke buɗewa in iska ta zo, su rufe in ta ɗauke. Shi ana motsa shi ne: a ƙara iska na 'yan mintuna robar ta kumbura, a rage ta kwanta, ɓawon da ya fara kamawa ya farfashe. Wasu matatun sun sa kwamfuta tana yin haka kowace rana. Sai dai roba tana tsufa, man da ke sa ta laushi yana fita, ta yi tauri ko ta saki, kuma wanki ba ya dawo da ita. Yawanci bayan shekara 5 zuwa 10 sai canji, alhali tangaran da ake kula da shi yakan wuce shekara 20. Akwai kuma rigakafin da ke cikin tafiyar da matatar kanta: idan aka bar lakar ta daɗe a cikin tsarin, ko aka sa wani ɗaki marar iska a gaba inda halittun za su fara cinye sabulu da abinci mai sauƙi, ruwan da ya iso kan faifaye ba ya zuwa da zafinsa.

Sauran abubuwan alfaharin garin na gan su a gurguje. Lakar da ta yi yawa ana busar da ita a Jones Island ta zama taki mai suna Milorganite, wanda ake sayarwa tun 1926 har yau a shagunan Amurka. Akwai kuma wani ƙaton rami da aka haƙa wajen mita 90 a ƙarƙashin garin, ya fara aiki a 1993, yanzu yana riƙe kusan lita biliyan 2 lokacin ruwan sama mai yawa har matatun su samu sarari. A 1974 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta sa Jones Island cikin wuraren tarihi na sana'arsu.

A hanyarmu ta komawa na tambaye shi ko wannan ilimi yana da amfani a gida, inda matatun irin wannan ba su da yawa. Ya ce, "Kawu, ai mu ne muka fi buƙatarsa." Ya lissafa mini. Ƙurar hunturu tana iya cika matatar iska cikin ɗan lokaci, abin da ya tsallake kuma bayan faifai zai zauna. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi: a ma'auni 30 bai kai miligiram 8 a lita ba, yauƙi kuma ya fi saurin girma. Wutar da ke ɗaukewa ita ce babbar abokiyar gabar tangaran, domin da iska ta tsaya laka take kutsawa cikin ramukan, saboda haka a wurinmu roba ta fi dacewa, ko kuma a zaɓi wata hanyar tace ruwa da ba ta dogara da inji ba, kamar tafkunan da rana da iska suke yi wa aiki in akwai fili. Sannan Kano garin jima ce kamar yadda Milwaukee ta kasance, ruwan majema kuwa cike yake da farar ƙasa da kitse, abubuwa biyu da faifai ya fi tsoro. Wanda yake hura iska da man dizal kuma, kowane rami da ya toshe daga aljihunsa yake fita.

Kirana ga gwamnatoci da masu masana'antu da injiniyoyinmu da ke zaune a teburin kwangilar irin wannan aiki shi ne, kafin a sa hannu a tabbata an gina kwami fiye da ɗaya domin a iya kwashe wani, an sa ma'aunin turi a kan bututun iska, an tanadi matatun iska da faifayen canji a sito, an horar da waɗanda za su sauka ƙasan kwamin tare da kayan kare jikinsu. A kuma rubuta kuɗin wankin faifaye a kasafin kowace shekara tun daga shekarar farko.